Me Japanawa suka gani a jikin Ishikawa Takuboku?

Ɗan'uwa tambayarka ta iso, kuma ta yi min daɗi sosai don ba kasafai ake tambayarmu adabin wannan yanki ba. Ka ce ka karanta wani ɗan tarihin Ishikawa Takuboku ka ga mutum ne mai cin bashi ba ya biya, ya bar iyalinsa cikin yunwa yana kashe kuɗi wajen matan banza, to ta yaya har yau ake koyar da waƙoƙinsa a makarantun Japan ana kafa duwatsu da baitocinsa, shin gyara masa tarihi aka yi ko kuwa akwai abin da ba ka gani ba?

Babu wanda ya gyara masa tarihi, abin da ka karanta gaskiya ne, kuma mafi yawansa ma daga hannunsa muka same shi don shi ya rubuta da kansa. Amma akwai abin da ba ka gani ba ɗin, sai dai ba zai fito ba sai mun bi rayuwar tasa tukuna, don shi wannan mutumin ba a raba waƙarsa da halin da ya rubuta ta a ciki.

An haife shi a 1886 a yankin Iwate, arewa maso gabashin Japan, wuri mai sanyi da talauci a lokacin. Sunansa na yanka Hajime, Takuboku sunan alƙalami ne. Babansa limamin wurin ibadar Buddha ne a wani ƙauye da ake kira Shibutami, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, sauran duk mata, saboda haka an shagwaɓa shi matuƙa, ga shi da kaifin ƙwaƙwalwa har ƙauyen suna masa kallon wani abin al'ajabi. Ka riƙe wannan don shi ne tushen girman kan da ya wahalar da shi ya wahalar da na kusa da shi. Ya tafi sakandare a Morioka, babban birnin Iwate, a can ya haɗu da mutum biyu da suka ɗauki nauyinsa har kabari, Setsuko wadda ya aura daga baya, da Kindaichi Kyosuke wanda ke gaba da shi a aji, wanda ya zama babban masanin harshen Ainu, wata ƙabila ta arewacin Japan. Karatu dai bai ƙare ba, adabi ya ɗauke masa hankali yana ta fashin aji, aka kama shi da satar amsa, a 1902 ya bar makaranta ya nufi Tokyo yana ɗan shekara 16 da tunanin zai ci abinci da alƙalami. Ya samu shiga wajen Yosano Tekkan da matarsa Akiko masu mujallar Myojo, wadda ita ce ke tashe a fagen waƙa lokacin, amma aiki bai samu ba, ciwo ya kama shi, babansa ya je ya dawo da shi gida.

A 1905 littafinsa na farko ya fito, Akogare, wato bege, yana da shekara 19. An yaba masa a matsayin yaro mai baiwa, amma ni a ganina in ba nazari kake ba kana iya tsallake shi, kalmomi ne masu ƙyalli irin na manyan da yake kwaikwayo, ba muryarsa ba ce. Abin da ya fi muhimmanci a wannan lokacin shi ne an kori babansa daga wurin ibadar saboda bai biya kuɗin da ɗariƙarsu ke karɓa ba, dare ɗaya gida ya tafi, abinci ya tafi, matsayi ya tafi, nauyin uwa da uba da ƙanwa da amarya duk ya faɗo kan yaron da bai taɓa ciyar da ko kansa ba. A nan ne labarin da ake yawan bayarwa ya faru, an shirya bikin aurensa a Morioka jama'a sun taru ango bai zo ba, yana Sendai, inda ya karɓi kuɗi a gidan sha'iri Doi Bansui da ƙaryar cewa mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah. Aka yi biki ba ango. Setsuko ta zauna duk da ana ba ta shawarar ta haƙura da shi.

Daga nan sai yawo. 1906 ya zama malamin wucin gadi a firamaren Shibutami kan yen 8 a wata, shekara ta zagayo ya jagoranci ɗalibai suka yi wa hedimasta bore, aka sallame shi. Ya haye Hokkaido, babban tsibirin arewacin Japan, a 1907, ya fara samun natsuwa a Hakodate sai babbar gobarar watan Agusta ta cinye makarantar da yake koyarwa da gidan jaridar da yake aiki, ya wuce Sapporo, ya wuce Otaru, ya ƙare a Kushiro cikin tsakiyar hunturu yana aikin jarida. Duk cikin ƙasa da shekara ɗaya. A watan Afrilun 1908 ya bar uwarsa da matarsa da 'yarsa Kyoko a hannun abokinsa Miyazaki Ikuu a Hakodate ya koma Tokyo, wannan karon da niyyar zama marubucin ƙagaggun labarai don a nan suna da kuɗi suke.

To yanzu muka zo wajen. Ya zauna ya rubuta labari bayan labari, ba wanda ya karɓu yadda yake so, kuɗin haya ya gagara har Kindaichi ya kwashi littattafansa na kansa ya sayar ya biya masa. A cikin wannan ƙuncin, wasu darare na watan Yunin 1908 barci ya ƙi zuwa, sai ya shiga zubo tanka, cikin kwana biyu zuwa uku ya rubuta sama da 200. Shi a wajensa wannan ba aiki ba ne, alamar gazawa ce ma, abin da yake yi kenan idan labarin ya ƙi rubutuwa. Kuma su ne suka rayu, labaran da ya zuba ransa a kai yau sai masu bincike ke buɗe su.

Bari in faɗa maka mene ne tanka don in ba haka ba ba za ka ga girman abin da ya yi ba. Gajeriyar waƙa ce mai gaɓoɓi 31, an tsara su 5, 7, 5, 7, 7, shi kenan, numfashi ɗaya ko biyu ka gama karantawa, kuma babu amsa-amo a ƙarshen layi irin wanda kunnenmu ya saba da shi, ƙirgen gaɓar shi ne duk karin. Ta haura shekara dubu ana yinta, tun kundin Man'yoshu na ƙarni na 8, kuma ta daɗe a hannun 'yan fada, da abubuwan da aka yarda a yi waƙa a kansu da kalmomin da aka yarda a yi amfani da su, furen bazara, wata, ganyen kaka, kewar masoyi. Kafin Takuboku an riga an fara girgiza ta, Masaoka Shiki ya ce a rubuta abin da ido ya gani, Yosano Akiko ta shigo da sha'awar 'ya mace ba kunya a 1901, don haka kar wani ya ce maka shi kaɗai ya sabunta ta. Abin da ya ƙara shi ne ya buɗe ƙofar ga ƙaramin ma'aikaci mai jiran albashi, da gajiyarsa da hassadarsa da kunyar bashi da ƙananan mugayen tunanin da ke ratsa zuciyar mutum a cikin minti ɗaya su wuce ba wanda ya sani.

Ga misali, ma'ana kawai zan ba ka don waƙar ba ta tsallakowa da kayanta. Wadda kusan kowane Bajapane ya haddace, yana cewa ina aiki ina aiki amma rayuwa ta ƙi sauƙi, sai na tsaya ina kallon hannuwana. Ka lura bai ce yana kuka ba, bai zagi kowa ba, bai roƙi komai ba, shi layi uku yake karya tankarsa, layi biyu na ƙorafi sai na ukun ya yanke maganar ya nuna maka mutum ya zura wa tafin hannunsa ido, kuma duk wanda wata ya taɓa yi wa nisa ya san wannan kallon. Akwai wadda yake cewa ranar da ya ga abokansa duk sun fi shi, sai ya sayo fure ya koma gida ya zauna kusa da matarsa. Wannan ba waƙar soyayya ba ce fa in ka duba da kyau, waƙar mutum ce da hassada ta ci shi ya rasa inda zai kai kansa. Akwai ta tashar jirgin ƙasa, kewar harshen garinsu ta dame shi sai ya tafi tasha ya kutsa cikin cunkoso don kawai ya ji ana magana da karin mutanen arewa, yau an kafa wannan baitin a tashar Ueno da ke Tokyo inda jiragen arewa ke sauke fasinja. Sannan akwai wadda nake so ka riƙe saboda tambayarka, inda ya ce ya taɓa yin addu'ar duk wanda ya taɓa sa shi sunkuyar da kai ko sau ɗaya ya mutu. Su wa suka sa shi sunkuyar da kai? Ai waɗanda suka ba shi bashi ne, masu taimakonsa. Ya san wannan tunanin mummuna ne, ya san butulci ne, bai ɓoye ba ya sa shi a littafi da sunansa a bango. Kafin shi ba a san tanka da ɗaukar irin wannan kaya ba.

A watan Maris 1909 wani edita ɗan Morioka, Sato Hokko, ya ɗauke shi aiki a jaridar Asahi ta Tokyo a matsayin mai duba kurakurai kafin a buga, yen 25 a wata. Ka ce to ai sai ya aika a kawo iyali. Bai aika ba. Daga Afrilu zuwa Yuni na wannan shekarar ne ya rubuta littafin sirrinsa da ya shahara, wanda abubuwan da ka karanta suka fito daga ciki. Da harshen Japan ya rubuta amma da haruffan Rumawa, kamar a ce gidanku ajami kawai ake karantawa kai kuma ka rubuta sirrinka da boko, kuma ya faɗa a ciki cewa ba ya so matarsa ta karanta. A ciki za ka ga yana karɓar albashi tun kafin wata ya ƙare, yana ƙaryar ciwo ya ƙi zuwa ofis, yana tafiya unguwar Asakusa wajen karuwai, a daidai lokacin da wasiƙar mahaifiyarsa ta zo daga Hakodate da rubutunta na tsohuwar da ba ta yi karatu mai zurfi ba tana roƙon ya aiko ko kaɗan ne, ya kwafe wasiƙar a cikin littafin. Wallahi wurin yana da nauyin karantawa. Ba na kare shi a nan kuma ba na so kai ma ka kare shi, ya zalunci matan nan biyu. Abin da ya sa masana ke ɗaukar littafin da muhimmanci shi ne babu inda ya nemi uzuri ga kansa, yana kallon kansa kamar yadda likita ke kallon gyambo, yana son iyalinsa yana kuma jin su kamar sarƙa a wuya, ya rubuta duka biyun. A wannan zamanin kuma ya yi lissafin bashinsa da hannunsa, mutum 63, yen 1,372 da sen 50, ka auna da albashin yen 25.

Iyalin sun iso a watan Yuni, suka tare a saman bene na wani shagon aski a unguwar Hongo, ɗakuna biyu, uwar miji da matar ɗa ba sa ga maciji. A watan Oktoba Setsuko ta ɗauki 'yarta ta gudu gidansu a Morioka. Wannan ya girgiza shi fiye da duk abin da ya taɓa samunsa, sai da Kindaichi ya sa baki ta dawo, kuma daga nan za ka ga mutumin ya canza, ya kama aiki da gaske har da na dare. A ƙarshen shekarar ya buga wata maƙala da ya kira waƙar da za a ci, yana cewa waƙa ta daina zama abincin biki ta zama kamar ɗan abin tsamin da Bajapane ke ci da shinkafarsa kullum, a rubuta ta ƙafa na taɓa ƙasa, kuma sha'iri ya zama mutum da farko, mutum na biyu, mutum na uku. A nan ya yi sallama da yaron da ya rubuta Akogare.

1910 ita ce shekararsa. Gwamnati ta kama 'yan gurguzu da masu adawa da mulki bisa zargin shirya kashe Sarki Meiji, cikinsu har da Kotoku Shusui, aka yi shari'a a asirce, a watan Janairun 1911 aka yanke wa 24 hukuncin kisa aka rataye 12. Yawancin marubuta sun ja bakinsu sun yi shiru. Takuboku yana gidan jarida yana ganin abin da ake hana bugawa, kuma ɗaya daga lauyoyin waɗanda ake tuhuma, Hiraide Shu, abokinsa ne, ta hannunsa ya ga takardun ya kwafe wasu ya adana, ya gamsu cewa mafi yawansu ba su da hannu. Tun a watan Agustan 1910 ya rubuta maƙala kan yadda zamani ya toshe wa matasa kowace hanya, yana cewa sai sun gane ƙarfin hukuma ne ya tsare su kafin su yi maganar gobe, ba a buga ta ba sai bayan mutuwarsa. Da Japan ta haɗiye Koriya a wannan shekarar ana ta murna a tituna, shi ya rubuta tanka yana shafa baƙin tawada a kan Koriya a taswira yana sauraron iskar kaka. Wannan ɓangaren nasa ba a cika faɗa ba in ana labarin bashi, kuma ni a wajena yana da nauyi, yaro ɗan shekara 24 mai duba kurakurai ya ga abin da manyan farfesoshi suka kau da kai a kansa.

A watan Oktoba aka haifa masa ɗa namiji, Shin'ichi, bai cika wata ɗaya ba ya rasu. Littafinsa na tanka yana wajen bugu a lokacin, sai ya ƙara waƙoƙi takwas na makokin yaron a ƙarshe. Ichiaku no Suna, wato damƙin rairayi, ya fito a Disamba 1910 da tanka 551, kowace an karya ta layi uku maimakon layi ɗaya da aka saba. Sha'iri Toki Aika, wanda ya zama amininsa daga baya, ya riga shi gwada layi ukun, amma a hannun Takuboku ne abin ya zama makami, don inda ya karya layin nan ne numfashin mai magana ke tsayawa. Wani abu kuma, kar ka ɗauki kowace waƙa a matsayin rahoton abin da ya faru. Akwai shahararriyar da yake cewa ya goya mahaifiyarsa da wasa, rashin nauyinta ya sa shi kuka ya kasa taku uku, ƙanwarsa Mitsuko ta ce ita ba ta yarda yayanta ya taɓa yin haka ba. Mai yiwuwa tana da gaskiya. Littafin an tsara shi ne da gwaninta, an zaɓa an jera an gyara, gaskiyar da ke cikinsa ta abin da zuciya ta ji ce.

Me ya sa ya riƙe tanka alhali yana raina ta? Ya ba da amsa da kansa a rubuce-rubucen ƙarshen 1910. Ya ce kowane daƙiƙa na rayuwa in ya wuce ba ya dawowa, shi kuma yana ƙaunar waɗannan daƙiƙoƙin ba ya so su ɓace, tanka kuwa ƙarama ce ba ta cin lokaci, ita ta dace da kama su. A wani wurin kuma ya ce abubuwan da yake da ikon canzawa a duniya ba su wuce inda agogo da kwalbar tawada ke zaune a kan teburinsa ba, sai kuma waƙa, tsarin iyali da na aji da na jari da ke danne shi ba ya iya taɓa su, saboda haka waƙa ita ce abin wasansa mai ban tausayi. Daga wannan maganar aka ciro sunan littafinsa na ƙarshe.

Ƙarshen ya zo da sauri. Fabrairun 1911 aka kwantar da shi asibiti da ciwon ciki, daga baya tarin fuka ya bayyana, matarsa ta kamu, mahaifiyarsa ma ashe ta daɗe da shi, babansa ya kasa jure ganin yunwar gidan ya fice. Duk da haka a watan Yunin 1911 ya rubuta dogayen waƙoƙi marasa ƙirgen gaɓa kan matasan da ke ta muhawarar juyin juya hali ba mai tashi ya yi wani abu. Mahaifiyar ta rasu a watan Maris 1912. Toki Aika ya yi magana da mawallafi kan littafin rubutunsa ya karɓo yen 20 don a sayi magani, kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 13 ga Afrilu 1912, ya cika yana da shekara 26, sha'iri Wakayama Bokusui na zaune a gefensa. Kanashiki Gangu, wato abin wasa mai ban tausayi, ya fito a watan Yuni da tanka 194, yana buɗewa da mutum yana jin ƙarar da ke fita a ƙirjinsa in ya ja numfashi. Ni na fi son wannan littafin a kan Ichiaku no Suna, babu ado ko kaɗan, gadon asibiti ne da ma'aunin zafin jiki da yarinya tana wasa a gefe. Setsuko ta haifi 'ya ta biyu bayan mutuwarsa, ita ma tarin ya ɗauke ta a 1913 a Hakodate. Ya bar wasiyyar a ƙona littattafan sirrinsa, ba ta ƙona ba, ta damƙa su ga Miyazaki, suna ɗakin karatu na Hakodate, garin da aka binne su. Don haka duk abin da ka karanta na aibinsa, matar da ya fi cuta ce ta adana mana shi.

Shawarata kar ka fara da littafin sirrin, in ka fara da shi za ka tsane shi kafin ka ji muryarsa. Fara da waƙoƙin, in kana jin Turanci akwai fassarar Carl Sesar da ta Goldstein da Shinoda, ka karanta goma ko ashirin a zama ɗaya don ɗaya tilo tana iya yi maka kamar ba komai, a jere suke aiki. Bayan nan ka karanta littafin sirrin, sai ka sake komawa kan waƙoƙin, za ka ga wadda ta sayen fure da wadda ta addu'ar mutuwa sun canza maka gaba ɗaya. In kana son tarihin a tsare, Donald Keene ya rubuta littafi guda a kansa da ya fito a 2016, yana da sauƙin karantawa kuma bai rufa masa asiri ba.